Kana da sararin dala miliyan 20 a NHL: kasuwar 1 ga Yuli, musaya, ko jiran yaran gida?

A ƙaddara kai ne janar manaja na wani kulob a NHL, gasar hokin ƙanƙara ta Amurka da Kanada, kaka ta ƙare an fitar da ku tun zagayen farko na fileyof, wato wasannin neman kofi da ake yi bayan kaka, kwantiragin wasu tsofaffi ya ƙare, lissafi ya nuna kana da sararin dala miliyan 20 da za ka iya kashewa. Mai kulob yana matsa maka, 'yan jarida suna matsa maka, magoya baya kuma kullum sai sun rubuto sunan wanda suke so a sayo. Hanya uku ce a gabanka, ko ka shiga kasuwar 'yan wasan da kwantiraginsu ya ƙare wadda ake buɗewa ranar 1 ga Yuli, ko ka ɗauki waya ka yi musaya da wani kulob, ko kuma ka danne zuciyarka ka zuba kuɗin a kan yaran da ka zaɓo da kanka a draf, wato zaɓen matasan 'yan wasa da kulob-kulob ke yi bi da bi duk shekara. Ko a wasan kwamfuta kake wannan aikin, tambayar dai ɗaya ce.

Kafin a je ga hanyoyin sai an fahimci kaf, wato iyakar albashi, don shi ne yake juya komai. Wanda ya saba da Firimiya zai ɗauka mai kuɗi shi ke da kasuwa, toh a nan ba haka bane. Babu kuɗin sayen ɗan wasa kwata-kwata, kuma duk kulob 32 iyaka ɗaya aka yanka musu, Toronto mai tarin arziki da ƙaramin kulob duk ɗaya. An kawo tsarin a 2005 bayan rikicin da ya cinye kakar 2004-05 gaba ɗayanta ba a buga ko wasa ɗaya ba, a lokacin dala miliyan 39 ne. Ana lissafa shi ne daga kuɗin shigar gasar, shi yasa da korona ta zo ya tsaya cak a miliyan 81.5 har kaka uku, sannan ya ɗan motsa zuwa 82.5 da 83.5, ya kai 88 a kakar 2024-25, sai 95.5 a 2025-26. Abin da ake ɗora wa kulob a kan kowane ɗan wasa shi ne matsakaicin kwantiraginsa, in ka ba mutum miliyan 77 na shekara 7 to miliyan 11 ke nan duk shekara, ko yana ci ko baya ci. Kuma kwantiragin hoki garanti ne, ba kamar na ƙwallon Amurka ba da za a sallami mutum a wuce wurin. In kana so ka rabu da shi sai ka biya shi kashi biyu cikin uku na ragowar kuɗinsa, a raba a kan ninki biyu na shekarun da suka rage, duk kuma a cikin kaf ɗinka.

Toh kaga tunda kowa kuɗinsa ɗaya, wanda zai ci Kofin Stanley, kofin gasar, shi ne wanda ya fi tara 'yan wasan da aikinsu ya fi albashinsu. Da wannan ma'aunin nake auna hanyoyin uku.

Mu fara da 1 ga Yuli tunda ita ce mai daɗin kallo. Amfaninta a fili yake, ba ka ba da kowa, ba ka ba da zaɓin draf, kuɗi kawai za ka ajiye ka ɗauki mutum wanda an riga an san abin da zai iya. Matsalar tana cikin dokar kanta. Ɗan wasa baya samun cikakken 'yancin zuwa inda yake so sai ya kai shekara 27 ko ya yi kaka bakwai a gasar, kuma da yawa ma sai sun kai 29 ko 30 saboda kwantiragin da suka sa wa hannu a baya. Wato lokacin da ya iso kasuwa ya riga ya ba wani kulob mafi kyawun shekarunsa a farashi mai sauƙi, kai kuma za ka biya shi ladan aikin da ya yi wa wasu, a cikin gwanjo da kulob goma suna ƙara wa juna farashi. In kuɗin ya zo ɗaya abin da ke raba gardama shi ne yawan shekaru, sai wanda ya fi ƙarfin hali ya ƙara shekara ta shida da ta bakwai, ya ɗora da sharaɗin ba za a musanya shi ba sai da yardarsa.

Dubi 1 ga Yulin 2016, wallahi ranar nan darasi ce guda. Edmonton ta ba Milan Lucic miliyan 42 na shekara 7, Buffalo ta ba Kyle Okposo irin wannan, Vancouver ta ba Loui Eriksson miliyan 36 na shekara 6, Islanders suka ba Andrew Ladd miliyan 38.5 na shekara 7, Boston ta ba David Backes miliyan 30 na shekara 5. Lucic ya ci ƙwallo 23 a kakar farko, ta biyu 10, ta uku 6, daga nan aka tura shi Calgary aka karɓo wani mai nauyin kwantiragi irin nasa. Eriksson da Ladd da Backes duk sai da aka haɗa da zaɓin draf ko wani abu mai daraja kafin aka samu mai karɓarsu. Irin wannan kwantiragin shi ne ƙadangaren bakin tulu, ka bar shi ya cinye maka miliyan 6 a benci, ka kore shi kuma ka biya. Minnesota ta fi kowa sanin wannan, a 2012 ta ba Zach Parise da Ryan Suter miliyan 98 kowannensu na shekara 13, lokacin ba a taƙaita tsawon kwantiragi ba, a 2021 ta sallame su, sai gashi a kakar 2023-24 da ta 2024-25 kusan miliyan 15 na kaf ɗinta yana tafiya a kan mutum biyu da basa saka rigarta.

Na kusa-kusa kuma Nashville. A 2024 sun shiga fileyof da maki 99, sai janar manajansu Barry Trotz ya fito kasuwa a rana ɗaya ya ɗauko Steven Stamkos a miliyan 8 na shekara 4, Jonathan Marchessault a 5.5 na shekara 5, Brady Skjei a 7 na shekara 7, jimilla sama da miliyan 108, kowa yace su suka ci kasuwar bana. Kakar da ta biyo baya maki 68 suka samu, na 30 cikin 32.

Amma kar in yi wa kasuwar rashin adalci, akwai waɗanda kwalliya ta biya musu kuɗin sabulu. Boston ta ɗauko Zdeno Chara a 2006, ya zama kyaftin ya ɗaga kofi a 2011. Chicago ta ɗauko Marian Hossa a 2009, kofi uku suka ci da shi, 2010, 2013 da 2015. Vegas ta ba Alex Pietrangelo miliyan 8.8 na shekara 7 a 2020 ta ci kofi a 2023. Edmonton ɗin da ta ƙone a kan Lucic ita ce ta samu Zach Hyman a 5.5 a 2021, mutumin ya ci 54 a kakar 2023-24 a gefen tauraronsu Connor McDavid. In ka lura, Chara da Hossa da Pietrangelo ba 'yan matsakaici bane da suka yi kaka ɗaya mai kyau, manya ne na gaske, kuma Hossa da Pietrangelo sun tarar da kulob da ya riga ya ginu saura mutum ɗaya. Inda ake mutuwa a 1 ga Yuli shi ne tsakiya, ɗan wasan layi na biyu ko na uku, wato wanda baya cikin rukunin farko na 'yan gaba, mai shekara 29 da za a ba miliyan 5 ko 6 na shekara shida, musamman masu wasan ƙarfi da gogayya irin Lucic, don jikinsu ne ke fara gajiya.

Maganar John Tavares ta ɗan bambanta kuma ita ce ta fi koyar da lissafin kaf. Toronto ta ɗauke shi ranar 1 ga Yulin 2018 a miliyan 77 na shekara 7, kuma mutumin ya yi aikinsa, ya ci 47 a kakarsa ta farko, ba wanda zai ce ya ci bulus. Amma da ka ba baƙo miliyan 11, yaran gida da suka fi shi ƙuruciya me za ka ce musu? Auston Matthews ya karɓi sama da 11.6, Mitch Marner kusan 11, William Nylander kusan 7, mutum huɗu duk 'yan gaba sun kwashe sama da miliyan 40 cikin 81.5, da tunanin ai kaf zai ci gaba da hawa, sai korona ta tsayar da shi. Ragowar rabin kuɗin kuma da shi za a biya gola biyu da 'yan baya da sauran layuka, shi yasa suka kasa riƙe irinsu Hyman. A shekara bakwai na wannan kwantiragin zagaye biyu kacal suka ci a fileyof, Tampa a 2023 da Ottawa a 2025, kofin da suke nema tun 1967 shiru, Marner kuma ya tafi Vegas a 2025.

Sai hanyar haƙuri, wato draf. A lissafin kuɗi ba wadda ta kama ƙafarta. Yaron da ka zaɓa yana shigowa da kwantiragin farko na shekara uku wanda albashinsa wajen miliyan 1 ne in ban da bonas, bayan nan ma ba shi da 'yancin tafiya sai in wani kulob ya kawo masa tayi kai kuma ka ƙi biyan daidai da shi. Chicago ta ci kofin 2010 Jonathan Toews da Patrick Kane suna kan kwantiragin farko, wannan ne ya ba su sararin ɗaukar Hossa. Tampa da ta ci 2020 da 2021 kusan duk ƙashin bayanta na gida ne, Stamkos na 1 a 2008, Victor Hedman na 2 a 2009, Andrei Vasilevskiy a zagayen farko na 2012, amma inda suka yi wa kowa fintinkau shi ne Nikita Kucherov da suka tsinta a zagaye na biyu da Brayden Point a zagaye na uku.

A nan ma akwai zaɓi a cikin zaɓi, kuma ni a ganina shi ne mafi muhimmancin shawarar da manaja ke yankewa, ya fi duk hayaniyar Yuli. In kwantiragin farko ya ƙare, ka ba yaron gajere na shekara biyu ka ƙara ganin kamun ludayinsa, ko ka ɗaure shi da dogo tun bai gama fashewa ba? Colorado ta ba Nathan MacKinnon miliyan 6.3 na shekara 7 a 2016, lokacin bai zama abin da ya zama ba, kakar da ta biyo ma kulob ɗin maki 48 ya samu, na ƙarshe. Bayan shekara biyu yana cikin mafiya kyau a duniya yana karɓar albashin Lucic da 'yan kai, da wannan rarar suka cika kulob suka ci kofi a 2022. Montreal kuma ta bi ɗaya hanyar da P.K. Subban, ta ba shi gajere a 2013, a kakar nan ya ci kyautar gwarzon ɗan baya, da aka dawo teburi sai da ta biya miliyan 9 na shekara 8. In ka yarda da yaro ɗan 21 ko 22, shekara takwas ɗinsa za ta ƙare yana 30, daidai inda kwantiragin ɗan kasuwa ke farawa.

Toh amma haƙurin ma yana da nasa makabarta. Buffalo ta rushe kulob da gangan, tunda na ƙasan tebur ne ke fara zaɓe a draf, ta ƙare ta ƙarshe a 2014 da 2015, duka biyun cacar da ake yi a tsakanin na ƙasan ta hana ta zaɓin farko, Connor McDavid ya faɗa hannun Edmonton. Ta samu Sam Reinhart da Jack Eichel, 'yan wasa masu kyau, amma kaka 14 a jere daga 2012 zuwa 2025 ba ta ga fileyof ba, su biyun kuma kowa sai da ya bar garin sannan ya ɗaga kofi, Eichel a Vegas, Reinhart a Florida. Edmonton ta yi zaɓin farko sau huɗu cikin shekara shida, 2010, 2011, 2012 da 2015, ba ta kai wasan ƙarshe ba sai 2024. Rushewa abu ne mai sauƙi, kuma manajan da ya fara ginin sau da yawa ba shi ke ganin ƙarshensa ba, an kore shi. Sannan ko ka yi nasara kaf zai zo ya karɓi nasa, Chicago bayan kofin 2010 dole ta rabu da Dustin Byfuglien da Ladd da golanta Antti Niemi a bazara ɗaya, da Toews da Kane suka koma miliyan 10.5 kowanne daga 2015 kuma ba su ƙara ɗaga kofi ba.

Hanya ta uku, musaya, ita nake ganin mutane basa ba ta haƙƙinta. Abin da take ba ka wanda kasuwa ba ta da shi shi ne shekaru, za ka iya samun ɗan 24 ko 25 da ba zai taɓa isowa 1 ga Yuli da ƙuruciyarsa ba, ko wanda ke kan kwantiragi mai arha. Kuɗinta kuma zaɓin draf ne da matasa, wani lokacin har da wanda magoya baya ke so. Florida ce misalin da ba a gardama a kansa. A 2021-22 sun fi kowa maki, 122, Tampa ta share su 4-0 a zagaye na biyu. Janar manajansu Bill Zito maimakon yace a sake gwadawa, sai ya ɗauki Jonathan Huberdeau da ya tara maki 115 a kakar nan, wato ƙwallayen da ya ci haɗe da waɗanda ya taimaka aka ci, mai shekara 29 saura masa shekara ɗaya a kwantiragi, ya haɗa da MacKenzie Weegar da zaɓin zagayen farko ya aika Calgary, ya karɓo Matthew Tkachuk ɗan 24 a miliyan 9.5 na shekara 8. Calgary ta ba Huberdeau 10.5 na shekara 8, kakar farko maki 55 ya yi. Florida kuma wasan ƙarshe uku a jere, ta ci 2024 da 2025. Reinhart da Sam Bennett duk ta musaya suka zo a 2021, Gustav Forsling kyauta suka tsince shi da Carolina ta sake shi, Carter Verhaeghe kuma daga kasuwa ne amma a miliyan 1 a shekara, ya zo ya ci 42 a kaka ɗaya. Babban sayayyarsu ta Yuli ita ce gola Sergei Bobrovsky, miliyan 70 na shekara 7 a 2019, kuma shekarun farko ana kiransa ɗaya daga cikin mafi munin kwantiragi a gasar, a fileyof na 2023 ma a benci ya fara, daga baya ne ya wanke kansa.

Tampa ma da ta ga saura ƙiris, a 2020 ta ba da zaɓin zagayen farko har biyu a kan Blake Coleman da Barclay Goodrow, mutane suka ce tsada, alhali abin da ta saya shi ne arhar albashinsu, su biyun a haɗe basu kai miliyan 3 ba kuma kowanne da sauran shekara a gaba. Vegas kuwa nata salon rashin tausayi ne, ta kawo Mark Stone da Eichel ta musaya, in sarari ya ƙare ta jefar da ko waye, Marc-André Fleury ya ci kyautar gwarzon gola a 2021 a bazarar nan aka tura shi Chicago kusan a banza. Hatsarin musaya shi ne ka yi wa kanka ƙarya game da inda kake. San Jose ta ɗauko Erik Karlsson a 2018 ta ba Ottawa zaɓin zagayen farko da tunanin ai zai zo can ƙasa, kulob ɗin ya rufta, zaɓin ya zama na 3 a 2020, Ottawa ta ɗauki Tim Stützle da shi.

Toh wanne za ka ɗauka? Ya danganta da amsar tambaya ɗaya, kana da ɗan tsakiya na layin farko da ɗan baya na ɗaya, 'yan ƙasa da 27, a hannunka? In babu, rufe jakar kuɗin nan. Kasuwa ba kasafai take kawo irinsu ba, in ma ta kawo ba za su zo kulob mara alƙibla ba sai an ninka musu. Yi amfani da sararin ka karɓi kwantiragin da ya dami wasu su biya ka da zaɓin draf, ka ɗauki tsofaffi na shekara ɗaya ka sayar da su kafin a rufe musaya a ƙarshen kaka. In kana da su, fara da ɗaure su da dogon kwantiragi kafin ka kalli kowa a waje, kuma ka bar 'yar rara, don Edmonton ta cika kaf ɗinta a Yulin 2024 sai St. Louis ta zo a Agusta ta yi wa Philip Broberg da Dylan Holloway tayi, ta kasa biya ta rasa matasa biyu a kan zaɓin zagaye na biyu da na uku. Bayan nan musaya ce hanyarka, nemi ɗan 24 zuwa 26 da ya gaji da inda yake. Kasuwar Yuli kuma ka shige ta ta sama ko ta ƙasa, ko babban gaske guda ɗaya in shi kaɗai ya rage maka, ko masu miliyan 1 zuwa 2 na shekara ɗaya ko biyu. In dole sai ka yi kuskure, gara ka yi shi a kuɗi da ka yi shi a shekaru, miliyan 7 na shekara uku ya fi sauƙin haɗiya a kan miliyan 5.5 na shekara shida.

Ka kuma duba garin da kake, don ba kowa ke iya kwaikwayon Florida ba. Jihohin Florida da Nevada da Texas da Tennessee basa karɓar harajin albashi na jiha, saboda haka miliyan 8 a can ya fi miliyan 8 a Toronto ko Montreal kauri a aljihu, kuma kofi biyar cikin shida daga 2020 zuwa 2025 Tampa da Vegas da Florida ne suka ɗauka, kulob na Kanada kuwa rabonsa da kofi tun Montreal a 1993. Ba haraji kaɗai bane, Nashville ma tana da wannan gatan kuma mun ga yadda ta kaya, amma yana taimakawa wajen riƙe mutane da sauƙi.

Dokokin ma suna canzawa. An riga an sanar kaf zai kai miliyan 104 a 2026-27 da 113.5 a 2027-28, wato kwantiragin miliyan 8 na yau zai yi sauƙi nan gaba, wannan ya ƙara wa dabarar ɗaure matasa da wuri ƙarfi, amma kuma kowane kulob yanzu yana da kuɗin riƙe nasa, sai kasuwar Yuli ta ƙara bushewa, Minnesota ta ba Kirill Kaprizov miliyan 17 a shekara don kar ma ya leƙa ta. Sabuwar yarjejeniyar da aka cimma da ƙungiyar 'yan wasa a 2025 ta rage tsawon kwantiragi zuwa shekara 7 ga ɗan gida da 6 ga baƙo, ta kuma kawo kaf a cikin fileyof, don haka dabarar da Tampa ta yi a 2021, inda Kucherov mai miliyan 9.5 ya yi jinya duk kaka albashinsa bai danne musu kaf ba, ya dawo ranar farko ta fileyof lokacin da babu kaf a cikinsa, kar ka saka ta a lissafinka.